Kwana uku tsakanin ruwan Matsirga da Dutsen Kagoro: Yadda ma'aikacin Abuja zai tsara tafiyarsa ta farko zuwa Kudancin Kaduna

Duk ma'aikacin da ya buɗe famfo a Garki ko Wuse ko Kubwa, mai yiwuwa ne wani kaso na ruwan da ya tara a bokiti daga Kudancin Kaduna ya taso. Madatsar ruwa ta Gurara da ke can ita ce ke turo ruwa ta wani ƙaton bututu mai tsawon kimanin kilomita 75 zuwa madatsar Usuma da ke kusa da Bwari, inda ake tacewa a raba wa birnin tarayya. Amma da za a bi ofisoshin Sakatariyar Tarayya ɗaya bayan ɗaya ana neman waɗanda suka taɓa taka yankin don buɗe ido kawai, ban da 'yan asalin can da waɗanda jana'iza ko ɗaurin aure ko rakiyar maigida yaƙin neman zaɓe ta kai, da wuya a cika bas guda.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Sunan yankin ya fi fitowa a labaran hari da dokar hana fita. Shi kuwa hutu, a wurin yawancin ma'aikata, ko dai a tafi gida a faɗa hidimar dangi har kwanakin su ƙare, ko kuma a zauna a falo ana kallon hotunan waɗanda suka je Zanzibar a waya. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuwa, tikitin jirgi zuwa ƙasar waje ya koma abin da ƙaramin ma'aikaci ba ya ko tambayar farashinsa.

Masu shirya wa baƙi yawon buɗe ido a ƙasashen waje suna da wani tsari da suke yawan ba wanda zai fita karon farko: ya yi 'yan kwanaki a dausayi yana kallon tsuntsaye da namun ruwa, sannan ya ƙarasa hutun a wani ɗan garin tsibiri inda ba a san gaggawa ba, irin Lamu da ke gaɓar tekun Kenya, garin da lungunansa suka yi wa mota ƙanƙanta har jakuna ne ke ɗaukar kaya. Akwai hikima a tsarin. Kallon namun daji yana cin asuba, yana cin ƙafa, yana buƙatar haƙuri, shi ya sa ake haɗa shi da wurin da mutum zai miƙe ƙafa ba tare da agogo ya dame shi ba.

Najeriya tana da duka biyun. Dausayin Haɗeja da Nguru, wanda wani sashensa ya zama wuri na farko a ƙasar nan da ya shiga kundin Ramsar na muhimman dausayoyin duniya a shekarar 2000, yana karɓar dubban tsuntsaye daga Turai duk rani. A ƙasar Yawuri kuma akwai tsibiran kogin Kwara da tafkin Kainji, mazaunin Gungawa, waɗanda sunansu ma daga gungu ya samo asali, wato tsibiri. Sai dai ɗaya na arewa maso gabas, ɗaya na arewa maso yamma, kuma kowannensu zai cinye wuni guda a zuwa, wuni guda a dawowa. Ga mai kwana uku a hannu, taura biyu ba ta taunuwa.

Kafanchan ba ta da teku, ba ta da tsibiri. Abin da take da shi shi ne kusanci, tafiyar awa uku zuwa huɗu daga Abuja, da kuma ruwa. Yankin yana kwance ne a gindin tsaunukan Filato ta kudu maso yamma, inda iskar damina ke cin karo da duwatsu ta sauke abin da ta ɗauko. Saboda haka yake samun ruwan sama fiye da Kaduna da Zariya, rafuka suke gangarowa daga duwatsu su shimfiɗa fadamu, kurmi ya bi gaɓarsu da tukurwa da gora da kwakwar manja, itatuwan da mutumin Kano yake zaton sai ya tsallaka Kwara zai gani. A tsakiyar wannan koren fili duwatsu suke tsaye kamar gungu a kogi, a gindinsu kuma ga ƙananan garuruwa irin Kagoro da Kwoi da Manchok, waɗanda ke da irin natsuwar da ake biyan kuɗin jirgi a je nema.

Watan da aka zaɓa shi ne rabin tafiyar

Kuskuren da ya fi sauƙin yi shi ne a ɗauki ranar da ofis ya ba da dama a ce ita ce ranar tafiya. Ruwa ne ke yanke hukunci a nan. Damina tana sauka tun daga Afrilu ta kai Oktoba. A Agusta da Satumba magangarar Matsirga tana cika ta tumbatsa, amma hanyoyin ƙauye sun yi laka, duwatsu sun yi santsi, hadari kuma na iya tsare mutum a masauki wuni guda cikin ukun da yake da su. A Fabrairu da Maris kuwa hanya ta bushe sarai, amma ruwan ya janye, ciyawa ta ƙone, abin da za a tarar bai kai labarin da aka ji ba.

Tsakanin ƙarshen Oktoba da ƙarshen Nuwamba ne abubuwa ke haɗuwa. Ruwan sama ya ɗauke amma rafuka ba su ƙafe ba, ƙurar hunturu ba ta rufe duwatsu ba tukuna, tsuntsayen da ke gudun sanyin Turai sun fara isowa, manoma kuma sun shiga girbi, kasuwa ta cika da sabuwar doya da acca da ɗanyar citta. Hutun 1 ga Oktoba yana da jan hankali, musamman idan ya faɗo kusa da ƙarshen mako, sai dai wanda ya zaɓe shi ya tafi da shirin jiƙewa.

Dokokin aikin gwamnati sun ba ma'aikaci hutun uzuri na 'yan kwanaki, kuma kwana ɗaya tak daga ciki, ranar Juma'a, ya wadatar. Hadiman manya, waɗanda lokacinsu ba nasu ba ne, sun fi kowa sanin makon da maigida ke ƙasar waje ko majalisa ke hutu.

Maganar da ba a tsallakewa

Babu amfanin a rubuta wa mai iyali shirin tafiya Kudancin Kaduna a ɓoye masa batun tsaro. Rikicin da ya tashi a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan a watan Maris na 1987 ya bazu har Kaduna da Zariya da Funtuwa. An yi na Zangon Kataf a 1992. A rikicin bayan zaɓen 2011 an rasa rayuka masu yawa a Zonkwa da Kafanchan, babbar kasuwar garin ma ta ƙone. Daga 2016 kuma hare-haren dare a ƙauyuka suka yawaita, kuma ko a 2022 an kai munanan hare-hare a ƙauyukan ƙasar Kagoro, a watan Maris da kuma Disamba. Garkuwa da mutane a hanyoyin da suka ratsa daji ita ma ba baƙuwa ba ce.

A gefe guda kuma, dubban mutane na bin waɗannan hanyoyi kowane mako, ɗalibai na karatu a reshen Jami'ar Jihar Kaduna da ke Kafanchan da Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya, 'yan kasuwa daga Kano da Legas na zuwa sayen citta. Abin da ya raba waɗannan da baƙon da ke jefa kansa a haɗari shi ne suna da wanda suke tambaya. Baƙo ko da ido makaho ne. Kafin a biya kuɗin masauki, a sami mutumin yankin, kuma da wuya a rasa shi a ma'aikatar tarayya, domin 'yan Kudancin Kaduna suna ko'ina a aikin gwamnati da aikin ɗamara. Shi zai kira gida ya ji yadda makon yake, ya faɗi hanyar da direbobi ke bi a 'yan kwanakin, ya haɗa baƙo da wanda zai yi masa jagora. Idan ya ce a dakata, a dakata. Magangarar ruwa ba ta gudu.

Hanyoyi biyu ne manya daga Abuja. Ɗaya ta bi Nyanya da Mararraba zuwa Keffi, sannan ta miƙe arewa ta Gitata da Panda ta nufi Kwoi. Ɗayar ta bi Bwari da Jere da Kagarko ita ma ta faɗa Kwoi, daga nan sai Kafanchan. Wanda ya fi son babban titi yana iya zagayawa ta Akwanga da Gwantu ya shigo ta Gidan Waya, ya ƙara tsawon tafiya. Wacce ta fi a cikinsu magana ce ta mako, ba ta taswira ba. Jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna ba ya bi ta Kafanchan, tsohon layin da ya ratsa garin kuma ba abin da za a ɗora shirin tafiya a kansa ba ne.

Sauran ƙa'idojin gajeru ne. Kada rana ta faɗi mota tana kan hanya tsakanin gari da gari. Kada a ɗauki motar ofis mai lambar gwamnati ko mai baƙin gilashi, domin tana sanar da abin da bai kamata a sanar ba. A tafi da katin shaida saboda shingayen jami'an tsaro. Hotuna kuma su jira a dawo Abuja kafin a ɗora su a Facebook.

Juma'a: Nok tukuna, sannan garin reluwe

Da yawa za su so su bar ƙauyen Nok sai ranar dawowa, tunda a kan hanya yake. Gara a juya. Ɗan gidan tarihin da ke can na gwamnatin tarayya ne, ma'aikata ne ke buɗe shi, safiyar Lahadi kuwa ƙasar Jaba tana coci. Wanda ya bar Abuja da ƙarfe shida na safiyar Juma'a, kafin cunkoson Mararraba ya farka, zai isa Kwoi da hantsi, Nok kuma ba ta da nisa daga nan.

Ƙauye ne ƙarami a gindin duwatsu, kuma wanda ya zo neman babban gini zai sha mamaki. Nauyin wurin a labarinsa yake. A 1928 masu haƙar kuza suka tono wani ɗan kai na gasasshen yumɓu a nan, ba a san darajarsa ba. A 1943 aka sake tono wani kan a kusa da Jama'a, wanda wani ma'aikacin ma'adinai ya kafa a gonarsa ta doya yana korar tsuntsaye da shi, kafin ya kai ga idon Bernard Fagg, Baturen mulkin mallaka mai ilimin tono kayan tarihi. Shi ya lura cewa hannu iri ɗaya ne ya ƙera su, ya raɗa wa al'adar sunan Nok, daga baya kuma ya kafa gidan tarihi na Jos a 1952. Binciken da masana daga Jami'ar Goethe ta Frankfurt a Jamus suka fara a 2005 tare da Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ya nuna cewa mutanen Nok sun zauna a wannan yanki tun kimanin shekara 1500 kafin haihuwar Annabi Isa, sun noma gero, daga baya suka narka ƙarfe. Ɗaya daga cikin tsofaffin wuraren narkar da ƙarfen nasu, Taruga, yana kusa da Abuja.

Akwai gargaɗi a nan wanda ya shafi ma'aikacin gwamnati fiye da kowa. Idan wani ya ja baƙo gefe ya nuna masa mutum-mutumin yumɓu a buhu, ya ba shi haƙuri ya wuce. Dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta haramta cinikin irin waɗannan kaya ba da izini ba, kuma haƙar ɓarayi ta riga ta lalata wurare masu yawa, har wasu kayan suka ɓulla a gidajen tarihin Faris, lamarin da ya jawo doguwar taƙaddama kafin Faransa ta amince a 2002 cewa mallakar Najeriya ne. Idan na gaske ne, laifi ne. Idan na jabu ne, an yi asarar kuɗi.

Daga Kwoi zuwa Kafanchan bai fi awa guda ba, don haka mai son sallar Juma'a zai same ta a babban masallacin garin. Kafanchan gari ne da layin dogo ya raina. A 1927 layin da ya taso daga Fatakwal ta Inugu da Makurɗi ya haɗe da Kaduna ta nan, wani reshe kuma ya haura Jos don kwaso kuza, wanda daga baya aka ja shi daga Kuru har Maiduguri, aka kammala a 1964. Mahaɗar ta jawo ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwa daga kowace kusurwa, Ibo da Yarbawa da Hausawa, suka zauna a ƙasar Fantswam, kuma a shekarun 1930 aka dawo da fadar Sarkin Jama'a nan daga tsohon mazauninta. Da la'asar, idan rana ta yi sanyi, a taka zuwa tashar jirgin da gidajen ma'aikatanta. Tsofaffin taragu da layukan da ciyawa ta rufe suna ba da labarin abin da ƙasar nan ta gina ta kuma saki, kuma ma'aikacin da ya taɓa ganin fayil ɗin gyaran layin dogo ya wuce ta teburinsa zai fi kowa jin abin a jikinsa. A nemi izini kafin a ɗaga waya don ɗaukar hoto.

Asabar ta ruwa ce

Tsuntsu ba ya jiran wanda ya tsaya karin kumallo. Awa biyun farko bayan fitowar rana su ne kasuwar, don haka tun daren Juma'a a shirya da ɗan jagora inda za a tsaya, a bakin wata fadamar shinkafa ko rafi da ke gefen gari, wurin da manoma ke kai da kawo, ba cikin daji ba.

Gara a faɗi gaskiya tun yanzu: babu giwa, babu dorina. Mai neman manyan namun daji Yankari zai nufa. Gauraka ma, wadda kakanni suka saba gani a fadamun Arewa, ta yi ƙaranci a Najeriya har ganinta ya zama labari. Abin da fadamar Kudancin Kaduna ke bayarwa sai an tsaya shiru ake karɓarsa. Da farko ba a ganin komai sai raɓa da hazo a kan ruwa. Can sai idon ya saba, ya tsinkayi zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya kamar an dasa shi, balbelu na sauka layi-layi a bayan shanu, wani ɗan tsuntsu mai baƙi da fari da dogon baki ya tsaya cak a iska yana kaɗa fiffike kafin ya faɗa ruwa ya cafko kifi. Sheƙunan marai na rataye a rassan da suka sunkuyo kan rafi, inda maciji ba zai kai gare su da sauƙi ba. Idan akwai tabki ko kududdufi mai faɗi, ana iya jin fiton kirinjijiya kafin a ga garkenta. A Oktoba shamuwa tana kan hanyarta ta komawa kudu bayan ta gama damina a Arewa, cilakowa kuma tana tsalle daga itace zuwa itace da kukan nan nata mai kama da ƙorafi. A cikin kurmi akwai wani babban tsuntsu mai launin shuni da jan baki, wanda sai ya buɗe fiffike ake ganin ja wur a ƙarƙashinsa. Wanda ya gan shi sau ɗaya ba ya buƙatar a sake yi masa bayanin abin da ke fitar da mutane da asuba.

Masana tsuntsaye sun daɗe da sanin yankin. Ƙungiyar BirdLife ta sanya gandun dajin Kagoro da na Nindam cikin muhimman wuraren tsuntsaye na Najeriya, saboda a nan tsuntsayen kurmin kudu ke haɗuwa da na dajin Arewa, abin da ba kasafai ake samu a wannan nisa daga teku ba. Sara da noma sun ci wani sashe na gandun, kuma shiga cikinsa ba aikin baƙon farko ba ne. Gefensa ya isa. Wanda abin ya kama shi da gaske, akwai cibiyar binciken tsuntsaye ta A.P. Leventis da ke dajin Amurum kusa da Jos, wadda ke aiki da Jami'ar Jos. Madubin hangen nesa ko na aro ne yana sauya tafiyar baki ɗaya, tufafi kuma su kasance masu duhun launi. Farar shadda ta ɗaurin aure ce.

Da hantsi sai Matsirga, wadda ke kusa da Madakiya, tafiyar mintuna daga Kafanchan. Ruwan daga maɓuɓɓugan duwatsun Kagoro yake tasowa, ya rabu gida huɗu a bakin dutse, ya faɗo daga tsayin mita 25 zuwa 30 cikin wani kwarmi, inda feshinsa ke tashi kamar hayaƙi, idan rana ta daidaita kuma bakan gizo ya fito a ciki. Ana jin rugugin tun kafin a gan shi. Ba wuri ne da aka ƙawata da matakala da rumfunan sayar da lemo ba, kuma wannan ne daɗinsa, shi ne kuma haɗarinsa. Duwatsun da feshi ke jiƙawa suna da gansakuka, ruwan gindin magangara yana juyawa ta ƙasa ko da samansa ya yi lumui, asibiti kuma sai an koma cikin gari. Wanda bai iya iyo ba ya tsaya inda ɗan jagora ya ce, wanda ya iya ma haka. A kwantaccen ruwan fadama kuma akwai tsargiya, don haka ba a barin yara su yi wanka a ciki. Takalmi ya zama rufaffe mai kama ƙasa, saboda santsi da kuma abin da ke kwance a ciyawa.

Bayan azahar sai a bar agogo a mota a tafi Kagoro. Garin yana gindin dutsen da ya kai kimanin mita 1,246 daga doron teku, dogo ne mai faɗi da ya tokare sararin gabas, kuma har yau akwai masu zama a kansa, suna saukowa kasuwa da kaya a ka ta hanyar ƙafa. Nan ne tsibirin wannan tafiya. Inuwar mangwaro, iska mai sanyi da ke gangarowa daga dutse, tsofaffin gine-ginen mishan da makarantar tauhidi ta ECWA, mata na tallar atili da zuma a bakin hanya. Marigayi Malam Gwamna Awan ya yi sarautar garin daga 1945 zuwa 2008, shekara 63, abin da ya sa yana cikin sarakunan da suka fi daɗewa a kan karaga a Afirka. Ba a zuwa Kagoro da jerin wuraren da za a gani. A sami benci a zauna, a ci paten acca da zafinsa, a sha kunu, a bar hira ta zo da kanta.

Hawan dutsen kuwa aikin rabin wuni ne, kuma yana neman gwiwa. Wanda ya shekara goma tsakanin kujerar ofis da kujerar mota kada ya gwada shi a rana ɗaya da fadama da Matsirga. Mai ƙarfin da ya nace sai ya ba shi safiyar Lahadi tun da duku-duku, tare da ɗan gari, bayan an sanar da masu unguwa. A kan duwatsun akan ga rema na shan hantsi, wani lokaci da birai.

Harshe ba zai zama matsala ba, domin Hausa ce ke haɗa kabilun yankin a kasuwa da tasha, har da cikin coci. Amma akwai ladabin da baƙo mai jin Hausa ya kamata ya riƙe. Sunayen da aka saba ji a Arewa ba su ne mutanen ke kiran kansu da su ba: waɗanda ake ce wa Kataf, Atyap ne, Kaje, Bajju ne, Jaba, Ham ne, Kagoma, Gwong ne, Marwa kuma Asholio. Wasu ba sa damuwa, wasu kuwa suna jin tsohon sunan a matsayin ragowar zamanin da aka mulke su ba da son ransu ba. Baƙon da ya yi amfani da sunan da mutum ya zaɓa wa kansa ya gajarta wa kansa hanya. Musulmin da ke da taka-tsantsan kan abinci ya tambaya kai tsaye, ba wanda zai ji haushi, kuma a Kafanchan masu abincin Hausawa da mahauta ba sa wuyar samu. Siyasar yankin da tarihin wa ya fara, a bar wa masu gida. Idan sun buɗe maganar, sauraro ya fi.

Abin da za a bari

Jarabar tafiyar farko ita ce cusa komai. Wani zai kawo shawarar a leƙa ginin Kajuru da wani Bajamushe ya yi a kan dutse a shekarun 1980, wani ya ce ai Jos ba nisa, a tsaya a magangarar Assop. Kajuru ta fi kusa da Kaduna, hanyarta daban ce, kuma harin da aka kai wurin a watan Afrilun 2019, inda aka kashe mutum biyu, ya isa ya nuna cewa tana buƙatar nata shirin. Madatsar Gurara ma, duk da ita ce ta buɗe wannan magana, ba wurin da ake faɗawa ba sanarwa ba ne. Kowane ƙarin wuri awa biyu ne a mota, kuma daga awannin zama a Kagoro za a cire su.

Kuɗin tafiyar ya fi tafiya a mai da masauki. Mutum huɗu a mota ɗaya sun raba nauyin, kuma sun fi mutum ɗaya kwanciyar hankali a hanya. A kwana a Kafanchan duka dare biyun, domin nan ne otal-otal da bankuna da babban asibiti suke, a kuma kama ɗaki tun daga Abuja saboda bukukuwan Asabar. A riƙe tsabar kuɗi ƙanana, tunda sabis na waya yana ɗaukewa a ƙauye, kuma a yi ciniki da ɗan jagora kafin a tashi, a biya shi da kyau. Gidan sauro ko maganin shafawa, tocila, rigar sanyi don dare, da duba taya da birki kafin ranar.

Safiyar Lahadi ta hutawa ce, ko ta komawa bakin fadamar jiya, inda sau da yawa ido ke ganin abin da ya tsallake a karon farko. Ƙararrawar coci da waƙoƙin Hausa na tashi daga kowace unguwa, shaguna da dama a rufe har azahar, don haka tsaraba tun ranar Asabar ake sayenta. Citta ce kan gaba, domin Kachiya da Jaba da Kagarko ne ke noma mafi yawan cittar Najeriya, duk da cewa cutar da ta afka wa gonaki a 2023 ta karya manoma da yawa ta kuma ɗaga farashi. Sai acca da zuma da doya. Da ƙarfe sha ɗaya mota ta kama hanya, domin a wuce dazuzzukan da rana tsaka, a kuma riga masu dawowa daga ƙarshen mako isa Mararraba.

Wanda tafiyar ta yi masa daɗi yana da dalilin komawa a ranar 1 ga Janairu, lokacin bikin Afan, sa'ad da maharba da makaɗa da masu rawa ke cika Kagoro don rufe girbi da buɗe farauta. A ranar garin ba shi da sauran natsuwa, ɗakunan kwana a Kafanchan kuma tun farkon Disamba ake kama su.